Fulogin Jirgin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai Kulu ɗakin miji ba, kuma ko na so in manta, dangin matata ba za su bari ba. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in na yi sallama a gidansu sai wata tsohuwa ta ɗaga murya daga cikin ɗaki ta ce, "Injiniya ya iso, a ɓoye jirage!"

Ni malamin makaranta ne a Bodinga, darasin fasaha nake koyarwa. Kowane zango sai na zana inji a allo da alli kala uku: ga inda mai ke shiga, ga fistin yana hawa yana sauka, ga fulogi a sama yana ba da wuta. Yara su yi ta kallona kamar ni na ƙera shi. Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne, ban taɓa riƙe sifana ba sai don in miƙa wa bakanike. (Babur ɗina ko tari ya yi, tura shi nake har bakin tasha, in tsaya a kan mai gyara ina ba shi shawara.)

Matata Luba 'yar masunta ce, daga wani ƙauye bayan Shagari, a bakin dam. Mahaifinta, wanda ba zan faɗi sunansa ba tunda suruki ne, Baba kawai muke cewa, yana da jirgin katako da wani tsohon inji a bayansa. Injin nan ya girmi Luba. Fentinsa ya goge, igiyar tayar da shi ƙulli uku gare ta, amma da shi Baba yake ƙetarar da mutane da buhunan albasa rani da damina, kuma da shi aka ciyar da gidan gaba ɗaya.

Shekara biyu da aurenmu a lokacin, maganata da Baba ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. In cire takalmi tun daga nesa, in tsuguna, in ce, "Ina kwana, Baba?" Ya kau da kai ya ce, "Lahiya lau, Malam. Ina gajiya?" Shi ke nan sai wata zuwan. Kunyar surukai ce, kowa ya san ta. Amma akwai abin da ke cin raina. Sauran mazan da suka auri 'ya'yan gidan duk 'yan ruwa ne, in aiki ya taso ana kiransu, wannan ya kama komar kifi, wancan ya toshe jirgi. Ni kuwa tabarma ake shimfiɗa mini a inuwar darbejiya, a kawo mini fura a kwano mai murfi. Girmamawa ce, na sani, amma irin wadda ake yi wa baƙo. Abin da nake so a duniya a lokacin shi ne wata rana wani abu ya lalace, in ji Baba ya ce, "A kira Malam."

To, Allah ya kawo ranar.

An sa bikin Kulu, ƙanwar Luba, a tsakiyar damina. Ƙauyen ango yana can ƙetaren dam, hanyar zagaye kuma ta zama taɓo, ko babur sai an ɗauke shi a ka. Dole amarya ta bi ta ruwa. Ga shi injin Baba ya fara gardama, sai an ja igiya sau goma kafin ya amsa. Luba ta je shirye-shiryen biki ta dawo da wani ƙullin tsumma a jakarta, ta ajiye a gabana.

"Baba yac ce in ba ka. Ka sawo mashi irinai nan Bodinga. Irinai sak."

Na kwance tsumman. Tsohon fulogi ne, ɗan gajere, baƙi ƙirin, lambar da ke jikinsa ta goge, yana warin fetur da kifi. Zuciyata ta yi fari fat. Baba da kansa ya aiko mini! Sai dai ranar farar shadda ce a jikina, sabon guga, kuma daga makaranta zan biya shago. Na dubi tsumman, na dubi aljihuna, na ɗora shi a kan taga.

"Ya ce ka tahi da shi hwa," in ji Luba.

"Luba," na ce, "mi nika karantarwa makaranta?"

Ta dai yi mini wani kallo, wanda a lokacin na ɗauka na alfahari da miji ne.

Duk wanda ya taɓa zuwa shagon kayan gyara a garinmu ya san ka'ida: ba a zuwa hannu rabbana. Abin da ya lalace shi kake ɗaurowa, a gwada da sabo a gabanka. Da na isa shagon wani dattijo kusa da tasha na tarar da manoman fadama uku daga wajen Danchadi, kowa da ƙullin tsummansa, wannan na injin ban-ruwa, wancan na janareto. Har tausayinsu na ji. Na ce a raina, ka ga illar rashin karatu, mutum ya yi ta yawo da ƙazanta a aljihu.

Da layi ya zo kaina na ce fulogin injin jirgi nake so, mai kyau.

"Ina tsohon?" in ji dattijon, ya miƙo hannu.

Na ce ba sai da shi ba.

"Malam, hulogi ba guda na ba. Akwai mai dogon wuya, akwai mai gajere. Akwai mai zahi, akwai mai sanyi. Tsohon inji kuwa abin da yas saba da shi shika so. Koma ka ɗauko, ai ba nisa."

Minti biyar ne a babur. Har yau in na tuna minti biyar ɗin nan sai in ji kamar in mari kaina. Amma manoman nan suna tsaye suna saurare, ɗayansu ma na koyar da ɗansa. In juya in tafi ɗauko tsumma? Na ɗaga kai na hango wani fulogi a kwali mai sheƙi, da hoton mota a jiki. Na sa aka sauko da shi. Dogo ne, sambal, yana ƙyalli. Nan take na yi lissafina na masana: abin da ya tayar da mota ai ba zai gaza tayar da jirgin katako ba. Har na yi wa jama'ar shagon ɗan darasi kyauta, cewa dogon ya fi kai wuta can cikin inji.

Dattijon ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, Malam ya hi ni sani." Ya sa mini a leda.

Ranar biki, bayan an shafa fatiha maza sun zauna cin abinci, na sulale zuwa bakin ruwa. So nake Baba ya zo ya tarar an gama komai. Na lalubo sifana a ƙarƙashin mazaunin jirgi, na sa sabon fulogi a ramin, na fara juyawa. Ina juyawa yana shiga, ina juyawa yana shiga, kamar ba zai ƙare ba. Mai hankali da nan ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa daɗi na ji, na ƙara ɗaure shi da duk ƙarfina. Da na koma cikin taro ban wanke hannu ba. (Da gangan. Har sai da na riƙa sosa gemu don a ga baƙin mai.)

Baba ya gani. Bai yi mini magana ba, ya juya wajen Luba da ta fito da tulu, ya ce, "Malam ya tahi da tsohon?"

Luba ta sunkuyar da kai. Ni kuwa daga inda nake tsugune na yi carab na ce, "An gama komi, Baba."

Ku lura, ba amsar tambayar ba ce. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. A lokacin na ɗauka dabara na yi.

Bayan azahar aka fito da amarya, don hadari ya fara haɗuwa a gabas kuma Baba yana so a ƙetare kafin iska ta taso. A al'ada uba ba ya raka 'yarsa ɗakin miji, amma injin nan ba ya jin maganar kowa sai tasa, don haka ya ce shi yau direba ne, a bakin gaɓa zai tsaya. An riga an kai kayan ɗaki tun jiya. Jirgin ya ɗauki Kulu a lulluɓe tana kuka, ƙawayenta biyu, Luba, gwaggonni biyu, da mahaifiyar Baba, Kaka Ige, tsohuwar nan da na ce tana sa a ɓoye jirage. Abokiyar wasata ce, "mijina" take kirana, kuma bakinta ya fi aska. Sai ni, cikin babbar riga da hula, na zauna a baya dab da inji, wurin da ya dace da mai ilimin abin.

Baba ya yi bisimilla ya ja igiya. Ja ɗaya tak, inji ya tashi.

Mata suka rangaɗa guɗa. Mutanen da ke bakin gaɓa suka hau cewa, "Kai, boko ta yi rana!" Kaka Ige ta ce, "Mijina ya hidda ni kunya!" Kaina ya kumbura har hular ta matse ni.

Sai dai a cikin rurin injin akwai wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a kwano. Baba ya karkata kai yana saurare. Ya dubi injin, bai dube ni ba. Na yi maza na ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Sabo na, Baba. Haka sabo ka yi kahin shi zauna."

Can ya ce a miƙo masa filafili biyu na tuƙin hannu da doguwar gora, ya shimfiɗa su a cikin jirgi. Kuma maimakon ya yanke ta tsakiya kamar kullum, sai ya bi gefe-gefe inda ruwa ba zurfi, a hankali. Sai daga baya na gane abin da ya faru a ransa. Kunnensa ya gaya masa akwai matsala. Amma ya kashe inji ya kwance aikina a gaban duk garin, ai tsiraita suruki ke nan a bainar jama'a. Sai ya zaɓi ya ɗauki filafili.

Gefe-gefe yana da iyaka. Akwai wurin da dole a ratsa tsohuwar hanyar gulbi kafin a kai ɗaya gaɓar. Baba ya ƙara wa inji wuta kaɗan. Ƙas-ƙas ta zama ƙwas-ƙwas, injin ya yi tari biyu, ya yi wani nishi, ya mutu.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ruwa kawai ke lasar jikin jirgi. Iska ta fara kaɗawa, hadarin ya ƙara duhu, gwaggonni suka fara salati a hankali. Baba ya ja igiya sau uku, ko motsi. Na ce a raina ga inda namiji ke nuna kansa, na miƙe na ce a ba ni in gwada. Na naɗe hannun riga, na fizga da ƙarfi. Igiyar ta zo, ni ma na zo, na zube da baya a kan ƙafafun Kaka Ige, hulata ta yi tsalle ta faɗa ruwa. Muna kallo ta kama hanyar Shagari ita kaɗai.

Baba ya miƙa wa Luba filafili ta tsayar da jirgin, shi kuma ya ɗauki sifana. Ya yi ta kwancewa, yana ta kwancewa, kowa ya zuba ido. Da fulogin ya fito, ya ɗora shi a tafin hannunsa. Bakinsa ya lotse, ya manne, kamar an sa guduma. Ni da nake zana fistin a allo kowane zango ban buƙaci bayani ba. Tsawon da na yi ta yabo a shago shi ya leƙa har cikin hanyar fistin, duk hawan da ya yi sai ya ƙwale shi a baki. Baba ya leƙa ramin, ya zura yatsa, ya daɗe. Nan na hau addu'a a zuci, don in fistin ya huje, ba biki kawai na ɓata ba, abincin gidan na kashe.

"Allah ya tsare," ya ce a ƙarshe. "Bai huda ba."

Kaka Ige ta leƙo. "Wanga hulogi na ko taɓarya?"

Ba wanda ya yi dariya. Duk idanu suka dawo kaina. Sai Baba ya gyara murya, yana kallon ruwa, ya ce:

"Laihina na. Ban aika ma Malam da tsohon ba. Da ya gane shi da idonai, da bai sawo wanga ba."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Dattijon da ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ga shi ya yi ta a gaban uwarsa da 'ya'yansa don ya rufa mini asiri. Gwaggonni suka gyaɗa kai, "Ai ho, to ai ba laihin Malam na ba." Ƙofa a buɗe, shiru kawai zan yi in fita. Na dubi Luba, idonta na kan filafili. Mutane kan ce sun so ƙasa ta tsage su shige. Ni ko ƙasar ban samu ba, ruwa ne ta ko'ina, ga shi ban iya iyo ba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "A'a, Baba. Kun aiko. Ni nib bar shi bisa taga, don kada shi ɓata mani riga."

Sai muka ji wata ƙara daga ƙarƙashin lulluɓin amarya, kafaɗunta na rawa. Ƙawayenta suka hau rarrashi, sun ɗauka kukan ne ya ƙaru. Ashe dariya ce. Kulu, wadda tun safe ake fama ta yi shiru, ta ɗaga mayafi hawaye shaɓe-shaɓe ta ce, "Yaya Malam, bisa taga?"

Shi ke nan jirgi ya kece da dariya. Gwaggonni suna riƙe ciki, Kaka Ige tana tafa cinya tana cewa ta sake ni saki uku, a ba ta mai kwale-kwale ko ba shi da haƙori. Baba kansa ya juya mana baya, amma na ga wuyansa yana motsi.

Ana cikin haka Luba ta ajiye filafili, ta buɗe jakarta, ta ciro ƙullin tsumma. "Ga shi, Baba. Na taho da shi."

Ta zare fil daga mayafinta ta kankare baƙin da ke bakin tsohon fulogin, ta hura, ta sake kankarewa. Baba ya ɗauraye shi da ɗan fetur, ya gyara bakinsa da tsinin wuƙa, ya ɗaura shi da yatsu, sannan ya ɗan taɓa da sifana. Ni aka ba filafili in riƙe jirgi. (Sau biyu muka zagaya a wuri ɗaya kafin wata gwaggo ta karɓe.) Ja na farko, shiru. Na biyu, tari. A na biyar tsohon injin ya amsa da muryarsa ta dā, ba ƙas ba ƙwas. Muna taɓa gaɓa yayyafi na sauka. Dangin ango sun ce ba su taɓa ganin amaryar da ta iso tana ƙunshe dariya ba, sun ce alamar alheri ce.

Da ruwa ya ɗauke muka juyo, mu uku: Baba a baya, Luba a can gaba, ni a tsakiya ba hula. Ina ta shirya yadda zan koma tabarmata a gindin darbejiya har ƙarshen rayuwa, in ma an sake shimfiɗa mini ita. Sai na ji an taɓa kafaɗata. Na waiwaya, Baba ne, kuma a karo na farko ido cikin ido yake kallona.

"Na ruhe, kai ka buɗe," ya ce. "Ba kowa ka iya wanga ba, Malam."

Da muka isa ya bari inji ya huce, ya kwance tsohon fulogin, ya naɗe a tsummansa, ya sa mini a hannu. Ba ta hannun Luba ba, a hannuna.

"Wanga ya gaji, ba shi kai mu kaka. Koma ka sawo irinai sak. In ka kawo, kada ka ɗaura kai ɗai. Kira ni mu ɗaura tare."

Na karɓa da hannu biyu.

Washegari na shiga layin masu tsumma a shagon dattijo. Da ya ga ƙullin a hannuna bai tuna mini da darasin da na yi masa ba, Allah ya saka masa. Ya jera tsohon da sababbi a kan kanta, ya gwada kauri, ya gwada tsawon wuya, ya goge jikin tsohon da yawu har ragowar lambar ta fito, sannan ya zaro wani ɗan gajere daga wani kwali da ko hoto babu. Baba ya koya mini ɗaurawa: da yatsu tukuna har ya zauna, sifana kuma taɓawa kawai. Ya koya mini duba bakin fulogi, in ya yi baƙi me inji ke cewa, in ya yi fari me yake cewa. Abin da ban taɓa gani a littafin da nake koyarwa ba.

Na tambayi Luba me ya sa ta ɗauko tsumman. Ta ce, "Ɗiyar masunci ba ta shiga ruwa da hilahili guda." Na tambaye ta me ya hana ta faɗa tun a bakin gaɓa. Ta ce ita ma addu'a take ta yi Allah ya sa na dace.

Yanzu in injin ya yi gardama, waya ake yi Bodinga a ce Baba ya ce a kira Malam. Gaskiya yawanci sifana nake riƙewa ina miƙa masa, amma a cikin jirgi nake zaune, ba a tabarma ba, kuma furata a kwano ɗaya take da ta sauran. Lotsattsen fulogin yana kan teburina a makaranta. Duk zango, kafin in ɗauki alli, shi nake fara zagayawa da shi a aji.

Darasin da na koya ba shi da tsawo. In tsoho ya naɗe maka abu a tsumma ya ce ka tafi da shi, to ka tafi da shi, ko farar shadda ce a jikinka. Baƙin mai sabulu na fitar da shi a wanki ɗaya. "Injiniya" kuwa shekara huɗu ke nan ina wankewa, ko dusashewa bai yi ba.